Fis na Uku a Motar Maman Ladi

Wallahi abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba wani ne ya faɗa mini ba. Lokacin ina aikin rewaya, wato gyaran wayoyin mota, a wata rumfa a unguwar Kumbiya-Kumbiya, shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa yana sayen sabuwar mota, mu kuma aka bar mu da tsofaffin.

Wata rana bayan azahar sai ga wata mata daga Herwagana, Maman Ladi ake ce mata, direba ya kawo ta a wata tsohuwar a-kori-kura, ya ajiye ya tafi cin abinci. Ta ce motar mijinta ce da ya rasu bara, da ita take ɗauko tattasai da albasa daga Kwadon tana ciyar da yara huɗu, yanzu fitilun baya sun mutu, direban ya ce ba zai ƙara hawa titi da ita haka ba. Gaskiya ta ba ni tausayi.

Na buɗe akwatin fis a ƙarƙashin sitiyari, wato 'yan abubuwan nan da ke yankewa in wuta ta yi wa waya yawa, rubutun murfin duk ya goge, ba ka sanin wanne ne na hon wanne ne na fitila. Haka na riƙa cire su ɗaya-ɗaya ina ɗagawa a rana, har na ga na uku zarensa ya ƙone. Irinsa kuwa ya yi wuya a gari. Sai na yi abin da kowa ke yi, Allah ya yafe mana, na naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli na mayar.

Na zagaya baya in duba fitila, ba ta kama ba. Da na dawo, sai na tarar da fis ɗin a kan kujerar direba, an warware takardar, an ninke ta kusurwa uku tsaf an ajiye a gefe. Na ce ko faɗowa ya yi, duk da na san takarda ba ta ninke kanta. Na sake naɗewa, na danna da ƙarfi, na zagaya. Na dawo, ga shi nan kuma a kujera! Matar tana can kan benci ba ta motsa ba, kuma babu kowa kusa da motar.

Na kai mata takardar, tana gani sai hawaye. Ta ce haka mijinta Baban Ladi yake ninke kowace takarda, har ta coci, kuma bai taɓa yarda a yi wa motarsa wannan dabarar ba.

Sai na kwanta ƙarƙashin motar na bi wayar fitilun baya da hannu. Can kusa da tanki na same ta ta goge, ƙarfe tsirara, tana manne da bututun mai, shi kuma bututun yana ɗiga. Da takardar nan ta zauna, fis ba zai yanke ba, wuta ce za ta tashi da su a hanya.

Na naɗe wayar, na toshe inda bututun yake ɗiga, na hau keke na zaga gari sai da na samo fis na gaskiya. Na saka, na zagaya, na dawo gabana yana faɗuwa. Yana nan inda na sa shi, fitilun kuma sun kama.

Kafin su tafi ta dafa kujerar, ta ce a hankali, "Baban Ladi, Malam ya gyara. Ka huta haka."

Ni dai ban san wa ya cire fis ɗin nan ba, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Amma don Allah in fis ya ƙone muku, ku nemi abin da ya ƙona shi, kada ku naɗe shi. Ba kowace mota ce ke da mai tsaronta ba.