Alwatikar da Ba Ta Taɓa Kwalta Ba

A tashar motar Dogondutsi, in aka ce "mai cikakkun kaya", Sallau ake nufi. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan mota tsakanin Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri, a wata tsohuwar farar bas mai ɗaukar mutum goma sha tara a takarda. Ƙofarta sai an haɗa da kafaɗa take rufuwa, kujerunta sun daɗe da sallama da soso, injinta kuwa tari yake yi tun daga tasha har ya isa. Amma a duk shingen jandarma da ke kan hanyar, in aka ce ya fito da abin da doka ta ce direba ya riƙe, kafin a rufe baki ya fito da shi. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya, kuma bai taɓa gajiya da faɗa wa fasinja ba.

Cikin kayan nan akwai wanda ya fi ƙauna, wato jar alwatikar nan mai ƙyalli da ake kafawa a bayan mota in ta lalace, don na baya ya hango tun daga nesa ya rage gudu. Direbobi tiriyangil suke ce mata. Ta Sallau tana cikin ledar da aka sayo ta, ledar tana cikin wata jakar atamfa, jakar tana ƙarƙashin kujerarsa. Shekara ashirin da sayenta, ko sau ɗaya ba ta taɓa kwalta ba.

Yana da dalilinsa, kuma duk wanda ya zauna gidan gaba ya ji shi. Farkon tuƙinsa yana da wata. Ran nan mota ta tsaya masa, ya kafa ta a hanya yadda aka koya masa, ya shiga ƙarƙashin mota. Da ya fito babu ita babu labarinta. Shingen farko da ya isa aka tambaye shi, ya rasa, aka ajiye shi a gefe tun hantsi har la'asar. Yana kallo fasinjansa suka kwashe kayansu suka shiga wata motar, abokan sana'a suna wucewa suna danna masa oda suna dariya. Bayan sati biyu ya ga tiriyangil ɗinsa a kasuwa, ɗaure a bayan amalanken jaki, mai jakin ya rantse gado ya ci. Daga ranar Sallau ya gane cewa tiriyangil abin nuna wa hukuma ne. Ita hanya tana da nata abin tun kaka da kakanni: mota ta lalace, a sari rassan itace masu ɗanyen ganye a jera a kan kwalta, kowane direba ya gani ya san akwai matsala a gaba. Ganye dai ba wanda zai sata.

Jakar atamfar, matarsa Lantana ce ta ɗinka masa. Ita ce mai ƙosan ƙofar gida a unguwarsu, mace kakkaura mai dariya da ƙarfi, wadda shekara talatin na aure ba su rage mata kaifin baki ba. Ita ta laƙaba wa tiriyangil suna 'yar lelen Malam. In ya dawo da yamma ya zaro jakar yana kaɗe mata ƙura, sai ta ce, "Malam, 'yar lelenka ta sha hura yau ko a dama mata?" Shi kuma ya yi kamar bai ji ba, don ya san in ya tanka ba zai ci riba ba. Yana son matar nan ƙwarai, ko da yake a ganinsa faɗin haka ba aikin direba ba ne.

Bazarar da abin ya faru, 'yarsu Basira ta haihu a Tibiri, Lantana ta shirya zuwa suna. Ta ɗaure kwanon yaji da daddawa da 'yan rigunan jinjiri, ta shiga motar mijinta. Ranar mota ta ƙi cika da wuri, ba su tashi ba sai bayan azahar, rana tana dukan kwalta har tana laushi.

Sun yi nisa, sun hau wani ɗan tudu sun fara gangarawa inda hanya ta karkata, sai tayar baya ta dama ta fashe. Mota ta yi wutsiya, mata suka ɗauki salati. A nan dole a ba Sallau haƙƙinsa, ya iya tuƙi. Bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari gam ya bar mota ta sauke gudunta da kanta har ta tsaya. Gefen hanyar yashi ne mai laushi, in ya sauka can jak zai nutse, saboda haka ya bar ta a kan kwalta, ta cinye rabin hanya, taki kamar sittin daga kan tudun.

Fasinja suka sauka. Cikinsu akwai wani matashi mai sayar da wayoyi a Dutsi, Khalid, wanda ya dubi tudun ya dubi motar, ya matso.

"Shofer, pardon, ka hiddo tiriyangil ka kai bisa tudun can. Wurin ga danjere na, akwai hatsari, mai tahowa bai ganinmu sai ya kawo kai."

Sallau ya dube shi sama da ƙasa. "Sadda nif fara jan mota bisa hanyag ga, kai ko wando ba a saya maka ba. Tai ka nemi inuwa."

Lantana tana gyara ɗaurin zane ta sa baki. "Malam, hiddo ta ta sha iska mana. Shekara ashirin tana ɗaka. Ko mai takaba wata huɗu da kwana goma taka yi ta hito."

Mutane suka yi dariya, dariyar kuwa ita ta ƙarasa rufe maganar, don Sallau ba mutumin da zai bi shawara a gaban masu dariya ba ne. "Ke dai zamna," in ji shi. "Ganye ka tsai da mota, ba roba ba."

Ya zaro adda ya duba gabas da yamma. Lokacin sharar gona ne, manoma sun sassabe sabara sun tara sun ƙone, fili ya yi fes. Abin da ya rage kore a duk wurin shi ne wani gawo can tsakiyar gona. Ya taka har can cikin zafin yashi, ya saro rassa huɗu masu lafiyayyen ganye, ya ja su ya haye tudun, ya jera su a ɗaya gefen, taki ashirin tsakanin kowane biyu. Aikin ya yi kyau, har ya tsaya ya yaba wa kansa kafin ya juyo.

To, duk wanda aka haifa a Arewa ya san gawo shi ne itacen da ke yin ganye lokacin da komai ya bushe, kuma ya san abin da ganyensa yake a wurin akuyar da ta yi wata uku tana cin kara. Sallau ma ya sani, a gidan masu awaki ya tashi. Sai dai ranar da idon direba ya kalli gawon, abin da ya gani kawai shi ne kore.

Maza suka tafi inuwar gawon. Lantana gwiwa tana damunta, ba za ta iya ratsa yashin ba, ita da wasu mata biyu suka nemi inuwar mota. Rana ta karkata yamma, inuwar ta faɗo ta ɓangaren hanya. Nan suka shimfiɗa mayafi a kan kwalta suka zauna, Lantana ta jingina da jikin mota ta miƙe ƙafafu, kwanonta a gefe. Sallau ya gan su. Bai hana su ba, ai ya jera ganye. Ya zagaya ɗaya gefen ya durƙusa yana kwance taya.

A bayan tudun, inda ba mai gani, wani tsoho mai suna Maikano ya iso da awakinsa zai tsallaka da su. Awaki suka shinshino gawo, suka watse a kan kwalta suna fizgar ganye. Maikano mutum ne mai kula da dabbobinsa, ba zai bar su su yi kiwo a inda motoci ke gudu ba. Ya kama rassan ɗaya bayan ɗaya ya ja su can nesa da hanya, awaki suka bi. Ya zauna yana kallonsu suna ci, yana sa wa wanda ya zubar da wannan alheri albarka. Hanya ta koma fes kamar ba a taɓa ajiye komai ba.

Babbar motar albasa ce ta fara zuwa, da lodi har ya fi ƙarfinta. Direbanta bai ga komai ba sai da ya kawo kai bisa tudu, ya ga farar bas tsaye a gabansa. Ya taka birki, ya san ba za ta tsaya ba, ya murɗa hagu don ya kauce wa bas ɗin. Matan nan biyu suka yi tsalle suka mirgina. Lantana tana ƙoƙarin tattaro ƙafafunta.

Sallau yana ɗaya gefen da sufana a hannu. Ya ji kukan birki, ya ji iska ta girgiza motarsa, ya ji kwano yana gangarawa a kan kwalta. Bai ji muryar matarsa ba, wannan ne ya fi tsorata shi, don Lantana ba ta taɓa yin shiru a kan komai ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, da rarrafe ya zagayo. Khalid ne ya riga kowa isowa, ya tuɓe rigarsa ya ɗaure mata cinya tamau, sannan ya hau kiran waya.

Bayan an ɗauke ta, jandarmomi suka zo aunawa. Suka auna sawun birki, suka hau tudu suka duba, babu ganye babu alama, sai kashin awaki. Babbansu ya dawo ya nemi takardu, Sallau ya ba shi. Ya ce tiriyangil fa? Hannun Sallau bai jira shawararsa ba, shekara ashirin yana yin wannan aikin. Ya zaro jakar, ya kwance, ya miƙa da hannu biyu. Jandarman ya juya ta cikin ledarta, ya dubi yajin da ya watse a kan kwalta da takalmin Lantana ƙafa ɗaya da ke gefe.

"Sabuwa ce," in ji shi.

"Sabuwa ta," in ji Sallau.

Jandarman ya rubuta cewa kayan mota sun cika.

Lantana ta rayu. A asibitin Dosso aka yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, aka yi sunan jikanta tana kwance. Masu zuwa dubiya suka yi ta cewa ƙaddara ce, wasu suka ɗora wa mai albasa, wasu suka ɗora wa awaki, wata tsohuwa ma ta ce wurin dama akwai aljana doguwa. Sallau ya so ƙwarai ya yarda da ko ɗaya daga ciki, ya kasa. Ya ajiye makullin mota, ya koma kiran fasinja a tasha. Kullum yana jiran ranar da Lantana za ta buɗe baki ta wanke shi tas da faɗa, ya ji sauƙi. Wata uku ba ta ce masa uffan a kan maganar ba, har ya fara ramewa.

Safiyar da ta koma suyar ƙosai, ya ɗauko mata kujera da kasko ya kai ƙofar gida, ta zauna ta jingina sandarta da bango. Sai ta ce ya kawo mata jakar atamfar nan da ta ɗinka. Ya kawo. Ta zaro tiriyangil, ta yage ledar da haƙori, ta buɗe mata ƙafafu ta kaɗe, ta miƙa masa.

"Malam, kai mani ita can baya, bakin lungu. Ka ƙirga takin yadda doka tac ce. Yanzu ban iya tashi da gaugawa."

Ya tsaya riƙe da ita. Masu sayen ƙosai sun fara taruwa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya juya ya taka yana ƙirgawa, ya kafa ta a tsakiyar rairayin lungun.

Haka yake yi kowace safiya kafin ya wuce tasha, in hantsi ya yi maƙwabta su ɗauko mata. Masu babur suna rage gudu su kewaye, amalanke ya kewaye, awakin unguwa su shinshina su wuce don ba abin ci ba ce. Rana ta kashe mata ja, gefe ɗaya ya tsage an ɗaure da zare. Shekara uku ke nan tana tsaye a lungun nan ba mai gadi, har yau ba wanda ya sace ta.