Gurbin Ashar a Waƙar Sussuka

A ranin da ya biyo bayan ciwon shanu ne, lokacin da Fulanin da ke sauka a bayan garinmu suka tashi daga su sai sandunansu. Damina biyu a jere gero yana kaiwa gwiwa ya tsaya ya bushe. Rijiyar bakin masallaci ba ta ƙafe ba tukuna, sai ranin gaba. Autana yana bayana, ko rarrafe bai fara ba. Maigidana ya tafi cin rani kudu tun kaka, ya bar ni da 'ya'ya huɗu da rumbun da in ka leƙa sai ka ga ƙasansa.

A wajenmu gona manne take da gona. Babu dajin da mace za ta shiga ta tsinko ganye, kowace kuka da mai ita, kowace ɗorawa da mai ita. In hatsi ya ƙare maka, ya ƙare ke nan.

Ni kuwa da waƙa aka san ni. Ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma in ana daka a gidan biki ni ake aikawa a kira. Kuma ba zan ɓoye ba, waƙata da ashar take. Na iya zagi, na san inda ake ajiye shi. A lugude, inda mata uku suka haɗu a turmi ɗaya, akwai wurin da mai taɓarya take cilla ta sama, ta tafa, ta cafe. Daidai nan nake sakin ashar ɗin. Sai dariya ta ƙwace wa mata, numfashi ya dawo musu, hannun da ya yi nauyi ya sake yin sauƙi. Haka na koya a wurin gwaggona, ita ma haka ta tarar.

Hayin rafi akwai gidajen Maguzawa, waɗanda iyayensu suka shiga addinin Kirista tun muna yara. Manoma ne na gaske, maza da mata duk a gona suke, kuma ba sa taɓa sabon hatsi sai tsoho ya ƙare. A wannan ranin babban gidan cikinsu ya buɗe rumbun shekara uku zai kai kasuwar Ɗambatta, aka ce ana neman masu sussuka, ladan kuma hatsi ne, gwargwadon damin da kuka sussuke. Na tara mata biyar, duk irina, wasu zawarawa, wasu mazansu sun tafi, har da ƙanwar mijina. Muka haye da taɓarenmu a kafaɗa.

Matar gidan doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta girme ni da kaɗan. Ita ce shugabar matan zumunta na cocinsu, masu waƙa da tulu ran Lahadi. Uwar gida muke ce mata, ita kuma tun ranar farko ta sa mini Zabiya. Ta nuna mana turame biyu a gindin tsamiya, ta ba mu kunu kafin mu fara, don ta ga idanunmu.

Tsohon dami wuyar sussuka gare shi. Ƙaiƙayi ya bushe ya zama gari, yana shiga wuya da hammata, ga tari. Na ɗauko waƙar da na fi ji da ita, ta wani malalacin miji, aiki ya kama tafiya kamar ba mu kwana da yunwa ba. Ban kai baiti na huɗu ba na ga Uwar gida tsaye da faifai a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jikokinta suna jin mu, kuma a gidan nan ake koyon waƙar coci kowace Asabar, bakin da zai zagi uwar wani ba zai yi waƙa a tsakar gidanta ba. In mun iya aiki da baki mai tsabta, ga dami nan har damina. In ba mu iya ba, akwai matan wani ƙauye da suka aiko suna nema.

Na ji zafi ƙwarai. Amma na tuna rumbuna, na ce to.

Ranar muka ƙarasa shiru, ba a jin komai sai turmi da tari. Abin da muka sussuke bai kai rabin abin da muka saba ba. Da la'asar mai gidan ya zo ya dubi tsabar, ya dubi tulin damin da ya rage, ya juya. Hatsin da na kai gida kunu kawai ya yi.

Washegari na ce bari in yi dabara. Na bar waƙoƙina yadda suke, inda ashar yake na cusa addu'a, ina cewa Allah ya shirye ka. To maganar ta fi gurbin tsawo. Mai cilla taɓarya ta jira in gama, wadda ke biye da ita ba ta jira ba, taɓarya ta sauka a kan ɗan yatsan ƙanwar mijina. Farcen ya fashe, jini ya ɗiga cikin gero. Uwar gida ce ta ɗaure mata da tsumma, ta kwashe geron da ya ɓaci ta watsa wa kaji.

Daga nan ta ce tana da magani. Ta shiga ɗaki ta fito da rediyo mai kaset, wanda ɗanta da ke aiki a Kano ya kawo mata. Ta ce sababbin waƙoƙin coci ne, na zamani, da jita da ganguna irin na Turawa, har a birni su ake yayi. Mu yi daka da su, tsabtatattu ne.

Na saurara da kunnen mai sana'a, ban yi son kai ba. Muryar yaron da ke rerawa akwai zaƙi, wannan na ba shi. Amma daga baiti na farko na gane bai taɓa tsayawa kusa da turmi ba. Sai ya ja kalma ɗaya ya yi ta ja kamar mai saƙar igiya, mu kuma taɓarya tana sama muna jiran inda za ta sauka. Kuma duk waƙar murna ce. Yana murna da safe, yana murna da yamma, baiti na biyu murna, na uku ma ita. Can batir ya fara mutuwa, murya ta yi kauri tana jan ƙafa, matanmu suka fashe da dariya, har mai ciwon yatsa.

Uwar gida ta kashe rediyon. Ta tambaye ni me na gani. Na gaya mata gaskiya, na ce waƙar wankakkiya ce amma babu gishiri. Ta ce ai yabon Ubangiji ne, ba don ciki aka yi ta ba. Na ce mu ma muna da masu bege, a cikinsu akwai wanda in ya buɗe baki tsigar jikinka ta tashi, akwai kuma wanda sai dai ka haƙura ka saurare shi don girman wanda yake ambato. Sunan Allah ba ya ɗinke waƙar da aka yanka ba daidai ba. Kuma mutumin da yake murna dare da rana, ko dai bai san yunwa ba, ko yana ɓoye wa Ubangijinsa abin da ke cikinsa.

Sai ta ce: “Zabiya, kin yi gaskiya rabi. Ga sauran rabin. Ashar ba gwaninta ba ce. Kakana in ya sha burkutu ya fi ki iya ta, kuma ba wanda ya taɓa kiransa mawaƙi. In an cire zagi waƙarki ta faɗi, to dama zagin ne yake tsaye, ba ke ba.”

Tunda nake ba a taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Ta ƙara da cewa mai gida ya ba mu gobe kawai. In aiki bai tashi ba, jibi waɗancan matan za su zo.

Ba zan ce maganarta ba ta shige ni ba. Da na bi waƙoƙina ɗaya bayan ɗaya, na tarar akwai inda ashar ɗin ya zauna daram kamar dutsen murhu, akwai kuma inda na jefa shi don kawai baiti ya ƙare mini ban sami abin faɗa ba. Wannan na biyun lalaci ne, na yarda. Amma na farkon ban yarda laifi ne a sana'a ba, har yau ban yarda ba. Mace mai jin yunwa akwai abin da ya tokare mata ƙirji, dole a ba shi ƙofa.

Da safe a hanyar rafi na haɗa sabuwa, ina tafe ina auna ta da taku. Na bar malalacin miji ya huta, na kama wadda ta fi cancanta da zagi a shekarar. Da muka tsaya a turame na ce wa mata su bi ni, in na yi shiru kada su jira ni, su cilla, su tafa sau biyu, su cafe. Na fara:

Yunwa baƙuwa, wa ya aika miki?
Kin zo da tabarma kin shimfiɗa ɗakina,
Kin sayar da akuyata, kin leƙa tukunyata,
Ke 'yar…

A nan na rufe bakina. Taɓare suka tashi, tafi biyu, suka dawo hannu, mata suka amsa da “tashi ki ba mu wuri”. A zagaye na biyu suka gane abin da na yi, dariya ta kama su fiye da ta ranar farko, don kowace ta cika gurbin a cikinta da abin da ta ga dama, kuma na san na wasu ya fi nawa muni. Na yi ta ƙara baitoci. Na sa ɗan kunnen da na kai kasuwa, na sa yadda ake ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su ɗauka ana girki, na sa mazan da suka tafi ba aike. Turmi bai sake yin karo ba.

Kafin azahar Uwar gida ta fito. Ta tsaya ta ji baiti uku cif, mu kuma ba mu tsaya ba, amma idona yana kanta, don abincin 'ya'yan mata shida yana bakinta.

“Zabiya, na san abin da ke cikin ramin nan,” in ji ta.

Na ce, “Uwar gida, kunnenki ya ji wani abu?”

“Bai ji ba.”

“To abin da kika tarar a ciki, ke kika zuba shi.”

Ta kalle ni har na fara tunanin hanyar gida. Sai ta ɗaure zanenta a ƙugu, ta karɓi taɓaryar ƙanwar mijina, ta ce mai ciwo ta koma shiƙa. Da muka zo gurbin, ta fi kowa cilla taɓarya sama. Daga baya na ji cewa rabin danginta suna can arewa da mu, inda farin ya fi tsanani, kuma ita take ɗaukar musu hatsi a kai.

Ba a kira waɗancan matan ba. Muka yi aiki a gidan har ruwan farko ya sauka, daga nan maƙwabtansu suka ɗauke mu. Da hatsin nan na riƙe 'ya'yana huɗu har muka ci tumu, ba wanda na binne.

Bayan shekaru, rannan a kasuwar Ɗambatta ina wucewa ta rumfar mai sayar da kaset, na ji muryoyin mata da tulu, kuma karin waƙata ne sak. Sun sa kalmominsu, suna kai kuka ga Ubangiji kan fari, suna tambayarsa har yaushe. Na tsaya da kayana a kai ina jiran wurin nan. Da suka iso, sai shiru, tafi biyu, amshi ya shigo.

Na haye rafi takanas na tambayi Uwar gida. Ta ce sun gwada cika gurbin da halleluya, waƙar ta zube musu, suka gwada amin, ta sake zubewa, dole suka bar shi yadda na yi shi. Fastonsu har yabawa ya yi, wai a nan ne zuciya take yin addu'arta. Na tambaye ta ko ta gaya masa asalin abin. Ta ce bai tambaya ba. Na saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe a tsakar gidanta, na ce mata waƙa ɗaya ce a ciki mai ƙashi, sauran ruwa ne. Ta ce bakina bai canza ba, ta cika mini ƙwarya da wake.

Uwar gida ta rasu shekarar da aka kawo injin sussuka garinmu. Cikin mu shida da muka haye rafin, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da ƙanwar mijina, tana Bagwai wurin ɗanta, farcen nan har yau a karkace yake. A hayi kuma akwai surukar Uwar gida, wadda take amarya a lokacin, ita ce shugabar matan zumunta yanzu. In mun haɗu a kasuwa, kafin ta gaishe ni sai ta tafa sau biyu.