Inna Suwaiba Mai Wankan Gawa

A Furfuri, in mace ta rasu, Inna Suwaiba ake aikawa ta zo. Ita ke wankan gawar mata tun tana da sauran ƙarfi, da ganyen magaryarta da ɗan ƙyallen da take naɗewa a hannu. Abin da ta gani a jikin mamaciya kuwa, ko mijinta marigayi bai taɓa ji daga bakinta ba. Amana ce.

Ta kuwa ga abubuwa. Ta sha kwance zane ta tarar da nono ya zama gyambo, an ɗaure shi da tsumma, an bi shi da turare don kada a ji wari. In ta fito sai ta ji ana ce wa masu gaisuwa, "Gajeruwar rashin lafiya ce." Gajeruwa! Mace ta shekara tana ruɓewa a ɗaki don kada a ji sunan ciwonta, sannan a ce gajeruwa.

Shi ya sa ranar da ta ji ƙullutu a nononta na hagu ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ta sa ɗanta Mas'udu, mai awon hatsi a kasuwar Tsafe, ya kai ta asibiti Gusau. Aka ce kansa ce, ciwon daji. Aka cire nonon, aka shiga yi mata ƙarin ruwan maganin da ya kakkaɓe mata gashi.

Mas'udu kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ulsa ce, gyambon ciki.

"Kai Mas'udu, ulsa ce ta cinye mini nono?"

"Inna, don Allah ki rufa mana asiri. Ɗiya mata gare ni. In aka ce gado ne, wa zai zo nemansu?"

Ta rufa asirin saboda jikokin.

A bencin asibiti ta saba da Rifkatu, mai sayar da atamfa a Sabon Gari, wadda ita ma aka cire wa nata. Rifkatu ta ce ita a coci ta miƙe ta faɗa wa kowa, yanzu mata ke karɓa-karɓar dafa mata abinci.

"Ba ki ji kunya ba?"

"Yaya, ciwo na yi, ba sata ba. Ke ma ki faɗa ki huta da ɗaura ɗankwali biyu cikin zafin nan."

Suwaiba ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa, amma da ta koma gida ba ta faɗa ba.

Ana nan sai maƙwabciyarta Hanatu, matar Salisu tela, mai goyo, ta shigo aron rariya. Ta karɓi rariyar ta ƙi tafiya. Can ta ce, "Inna, ki taɓa mini nan." Suwaiba ta taɓa, ta ji ƙullutu irin nata a nonon. Ta gaya mata gaskiyar nata ciwon, ta ce gobe-goben nan a tafi Gusau.

Uwar mijin Hanatu ta ce atafau. Daji ba ya son ƙarfe, in ji ta. Da allura ta taɓa shi sai kabari. Salisu ya bi bayan uwarsa. Aka kawo saiwa, aka kawo na shafawa.

Suwaiba ta jira, ta aika, ta roƙa. Da ta ga damina na wucewa Hanatu na ramewa, sai ta shiga gidan da hantsi, mata na surfe a tsakar gida. Ta tsaya gaban tsohuwar, ta ɗaga rigarta.

"Duba da kyau, Hajiya. Wuƙa ta taɓa ni, allura ta taɓa ni. Ga ni tsaye a gidanki."

"A'uzubillahi! Rufe, Suwaiba, da girmanki!"

"Ba zan rufe ba sai kin gani. Ba ulsa ba ce, kansa ce. Irin ta surukarki."

Kafin azahar labarin ya kai Bungudu. Mas'udu ya ɗauke ƙafa daga gidan uwarsa. Wasu matan suka daina shan ruwa a kofinta, kamar ciwon a bakin kofi yake kwana. Su ne kuma gobe in an yi musu rasuwa za su aiko a kira ta.

Salisu bai sakko ba sai da wurin ya fashe. Suwaiba ce ta riƙe Hanatu a mota har Gusau. Likita ya duba, ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi, sai dai a rage mata zafi. A hanyar dawowa, ana hango duwatsun Kwatarkwashi daga nesa, Hanatu ta ce, "Inna, da tun ranar rariya ne fa?" Suwaiba ta gyara mata mayafi kawai.

Bayan kaka Hanatu ta cika. Suwaiba ta yi mata wanka da hannunta na hagu a kumbure, tana yi tana hutawa. Da aka fita da makara ta dawo cikin mata, ta tarar da tsohuwar rungume da marayan tana cewa, "Zazzaɓi ne, sai kwana ya ƙare."

Suwaiba ba ta ƙaryata ta ba. Ta nemi tsakiyar tabarma ta zauna, ta cire ɗankwalinta, ɗan gashin da ya fara tsirowa fari fat.

"Ni dai kansa gare ni," in ji ta. "Bari in gaya muku yadda ta fara."

Wasu suka tashi, wai za su duba tukunya. Ta ci gaba da yi wa waɗanda suka rage bayani, tana nuna musu da yatsa inda mace za ta laluba.