Ƙarshen labarin da na canza wa Yaya

Ina aji uku a koleji a Tasawa na sayi littafin, wurin wani mutum da ke baje littattafai a kan buhu ranar kasuwa, kusa da masu takalman roba. Labarin Hausa ne, kashi uku, takardarsa mai araha ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa. Mu da aka koya wa karatu da Faransanci, sai da na yi kwana biyu ina furta kalmomin a fili kamar 'yar aji ɗaya kafin idona ya saba. Da ya saba kuwa ban ƙara zama lafiya ba. Ban taɓa sanin ana iya sa irin maganar tsakar gidanmu a takarda ba, har da tsaki da habaici. Labarin wata tela ce, marainiya, mai tsiwa irin tawa, wadda ta auri direban da take so. Ban san sau nawa na karanta shi ba, kuma kowane karo sai na yi kuka a kashi na uku, don a nan take mutuwa. Naƙudar fari ce ta zo mata, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta kwana biyu tana cije baki a ɗaki. Kafin a kai ta asibiti lokaci ya ƙure.

Da aka ba mu babban hutun damina na koma ƙauyenmu, can gefen Gidan Amumune, na tarar Yaya ta zo goyon ciki. Ta girme ni da shekara shida, ita ta goye ni, ita ta koya mini daka, kuma ba ta taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Duk garin an san ta da baki. Amma a wurinmu mace ba ta maganar cikin fari, ko da ya kai mata haɓa. In Inna ta tambaye ta yaya jiki, sai ta ce wane jiki, ta tashi ta bar wurin. Ko sunan abin ba a ambata a gabanta, kuma kowa yana yaba mata wannan kunyar.

Kullum da safe mutanen gida suna tafiya gona, a bar mu mu biyu, ita don nauyin jiki, ni kuma wai don in kula da ita. Gaskiyar magana Baba ya gaji da ganin yadda nake sare gero tare da ciyawa. Sai mu shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ita tana tsinkar tafasa, ni ina kife a kan littafina.

“Wanga abu da kike ma dariya ke kaɗai kamar mai iskoki,” ta ce mini wata rana, “karanta mani in ji, ko boko ya hana a raba?”

Haka muka fara. Kafin mu kai rabin kashi na ɗaya ta laƙaba wa telar suna, wai ƙawarta. Tana faɗa da mutanen cikin labarin kamar suna zaune a tabarmar. In direban ya yi wauta ta yi masa tsaki, in ƙawarta ta mayar wa wani martani ta tafa hannu ta ce in maimaita wurin. Ni kuwa daɗi ya cika ni, don ban taɓa samun abin da na fi Yaya iyawa ba sai wannan.

A ƙarshen kashi na biyu telar ta samu ciki. Ranar na lura hannun Yaya ya tsaya a cikin faifan tafasa. Tambayoyinta ma suka canza.

“Ƙawata tana jin tsoro?”

Na ce tana ji.

“Ƙahwahunta na kumbura? In ta kwanta, abin na tokare mata nan?” Ta nuna ƙarƙashin haƙarƙarinta, ta yi sauri ta sauke hannun.

Na dubi ƙafafunta a kan tabarma, sun yi suntum har zoben yatsan ƙafarta ya nutse. Sai a lokacin na gane ba telar take tambaya ba. Abin da ba ta iya faɗa wa Inna, ba ta iya faɗa wa mijinta, littafin nan ya ba ta hanyar faɗarsa, kuma ni kaɗai ce a bakin hanyar, yarinya 'yar shekara sha shida da ba ta san komai ba.

Daga ranar tsoro ya shiga ni. Na san abin da ke kashi na uku. A gidanmu in wani ya ambaci mutuwa kusa da mai ciki, Inna sai ta sa shi ya tofar da yawu. To ni da zan zauna in karanta wa Yaya mutuwar mai naƙuda daki-daki, da bakina? Na yi imani har cikin raina cewa in na furta, kira ne na yi. Na fara kawo dalilai. Yau kaina ke ciwo, gobe idona. Daga baya na ce kashi na uku ya ɓata a Tasawa. Yaya ta san ƙaryata tun ina rarrafe. Ta shiga ɗaki ta zazzage jakata, ta fito da shi ta jefo mini a cinya.

Na karanta mata gaskiya har zuwa shafin da ciwon ya fara. Daga nan na ci gaba da bin layi da yatsa, amma abin da ke fita bakina nawa ne. Ban tsaya dogon tunani ba, na ɗauko irin labarin da na saba ji mata suna yabawa a gidan suna. Na ce telar ta shiga ɗaki ta rufe, ba ta faɗa wa kowa ba, ko tari ba a ji ta yi ba, sai kukan jariri kawai mutane suka ji. Na ce mata suka taru suna cewa ba a taɓa jaruma irinta ba. Har ragon suna na ƙara da farin kaya.

Yaya ta yi ajiyar zuciya, ta ce, “Ashe ƙawata jaruma ce.” Ta ci gaba da tsinkar tafasa tana murmushi. Ni kuma na kwana ina yaba wa kaina wayo. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina, wato yadda na ji daɗi.

Bayan kamar mako uku, wata safiya kowa ya tafi gona mai nisa. Yaya ba ta fito gindin dogon yaro ba. Tun daren jiya ba ta ci tuwo ba, ta ce gajiya ce, muka yarda. Da hantsi na dama fura na kai mata ɗaki. Na same ta durƙushe ta rungume ƙafar gadon ƙarfe, ta cusa bakin zane a haƙoranta, gumi ya jiƙa mata kai kamar an watsa mata ruwa. Leɓenta na ƙasa ya fashe.

“Yaya, tun yaushe?”

Ta zare zanen da ƙyar. “Tun jiya da azahar. In kika hwaɗa ma Inna ban yahe maki ba. Ƙawata ma ai ba ta hwaɗa ma kowa ba.”

Kwanon furar ya suɓuce mini. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kafin nan ko bayansa. Na durƙusa a gabanta. Ina jin abin da ya kamata in faɗa, ina kuma jin in na faɗa shi ke nan na kira. Wani ciwon ya sake taso mata, na ga idanunta sun juye, sai maganar ta fito da kanta.

“Ƙarya na yi maki, Yaya. Mutuwa ta yi. Shirun da ta yi shi ya kashe ta.”

Ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce a hankali, “Tahi ki kira Inna.”

Na yanka cikin gero a guje ba takalmi, ganyen yana yankar mini fuska. Inna ta jefar da hauya tun kafin in gama magana. Aka kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke wa dukanmu cibi. Ta taɓa cikin, ta daɗe, sannan ta fito ta ce wa Baba wannan ba aikinta ba ne, ɗan a gicciye yake. Baba ya ɗaura wa sa amalanke, aka shimfiɗa katifa, muka kama hanyar Gidan Amumune cikin rairayi da taɓo, san yana tafiya kamar ba abin da ya dame shi. A ƙaramin asibitin garin madam mai karɓar haihuwa ta duba ta, ta ce sai babban asibitin Mayahi, ta buga waya a turo mota. Muka zauna jira, rana tana karkatawa.

A cikin motar kan Yaya yana kan cinyata. Abin da ya fi azabtar da ni shi ne na haddace littafin. Duk abin da ya faru, na san layin da ke biye da shi. An ɗauki telar a mota, an ɗauki Yaya. Telar ta daina nishi, Yaya ma ta daina. A littafin, abu na ƙarshe da telar ta yi shi ne ta roƙi ruwa. Muna cikin tafiya Yaya ta motsa baki ta ce, “Ruwa.” Gorar tana hannuna, na ƙanƙame ta na yi kamar ban ji ba. Ta sake faɗa. Inna ta fizge gorar ta ce ko na kurumce ne, ta jiƙa mata leɓe. Na rufe ido ina jiran abin da na sani, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina har da ta cin abinci.

Da la'asar aka shiga da ita ɗakin tiyata a Mayahi. Ni da Inna muka zauna a baranda, Baba yana kai da komo a tsakar fili da carbi. Duk ƙofar da aka buɗe sai in miƙe tsaye. Can wata ma'aikaciya ta fito ta ce uwar tana da rai, amma jaririyar ba ta zo da rai ba, mace ce. Ta ƙara da cewa da jiya muka zo da an same su duka biyun. Inna ta ce haka Allah ya so, kuma kunya ce irin ta ɗiyan fari. Babu wanda ya dube ni, babu wanda ya san hannuna a ciki sai ni da wadda ke kwance.

Da aka sallamo ta muka dawo gida, na riƙa gudun ɗakinta. Ina ɗebo ruwa, ina wanki, ina yin duk aikin da zai nisanta ni da idonta. Ina jin ta tana fama da nonon da ya kawo ba mai sha. Littafin kuwa na tura shi ƙarƙashin akwati, ko kallon wurin ba na so.

Ana saura kwana biyu in koma Tasawa ta aiko a kira ni. Tana jingine da bango, ta rame, muryarta ta koma ƙarama.

“Ɗauko na ukun,” ta ce. “Ki hwara daga inda kika hwara ƙarya.”

Na ce ta yi mini rai. Ta ce ba roƙona take ba. Na ɗauko na zauna a bakin gado na karanta, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na karanta kwana biyun telar a ɗaki, da motar, da ruwan. Na karanta shafukan ƙarshe, inda wata tsohuwar maƙwabciya ta tashi a wurin zaman makoki ta wanke matan da ke yabon haƙurin mamaciyar tas. Sau da yawa na karanta wurin a baya ina kuka, amma ban taɓa tsayawa na ji abin da tsohuwar ke faɗa ba.

Da na gama Yaya ta dubi littafin a hannuna. Sannan ta ce, “Wadda ta rubuta wanga ba ta san ni ba, amma ta hi ki tausayina.”

Ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ta sa shi ƙarƙashin matashinta. Har yau ban tambaye ta shi ba.