Kwanon Alkakin da Bai Shiga Ba

Yayata Shatu ta shekara talatin da ɗaya tana alkaki a Makka. Ta Sudan iyayenmu suka shigo da mu muna 'yan mata. Ta yi aure a unguwar Misfala, mijin ya rasu ya bar mata ɗa guda, Hisham. Ba ta kai kuka gidan kowa ba. Ta barza alkama, ta kwaɓa da mai da nono, ta bar shi ya kwana ya tashi, da safe ta soya ta tsoma a zuma. Kafin azahar tana lungun Misfala da kwanonta, fuska a rufe, alhazai na rububi. Ko da haya ta kore ta zuwa Ka'akiyya, mota take hawa ta dawo lungun. Duk tabon da ke hannunta na tafasasshen mai ne. Da alkakin nan Hisham ya yi karatu har ya samu aikin kamfani a Jidda, ya koma mai farar riga da turare.

Ya samu yarinya, Nuha, jikar Hausawan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa suka zama 'yan ƙasa. Aka ce iyaye mata su ga juna a wani gidan cin abinci na bakin tekun Jidda. Ni tun nan raina ya soma ɓaci. Ina aka taɓa gaisuwar surukai a teburin haya? Shatu kuwa murna har kunne. Kwana biyu tana aikin alkaki, don a wurinmu ba a zuwa wa suruki hannu rabbana. Burinta ɗaya, mutanen nan su ɗanɗana su san hannun da ya raini mijin 'yarsu.

Mun isa bayan la'asar. Muna fitowa daga mota Hisham ya karɓe kwanon daga hannunta ya tura bayan mota.

"Yumma, aib ne wallahi. Ba a shiga nan da abincin waje. Kuma na faɗa musu ba ki taɓa sana'a ba, a gida kike. Halas, shi ke nan, kar a tada zancen."

Na so in wanke shi da mari a gaban masu yawon shan iska. Shatu ta take min ƙafa.

Aka zaunar da mu kusa da gilashi, teku na ta kai da komo. Aka kawo gasasshen kifi da jar shinkafa, kifin ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti kamar faifai. Ban san me na ci ba, haushi ya cika min ciki. Daga baya aka jero kunafa da basbusa da wani abu mai sanyi da ya narke tun kafin a taɓa shi. Hisham sai bayani yake da Larabci, wai nan ne wurin kayan zaƙi na farko a Jidda. Sukari ne dai zalla, ba gardi ba ƙamshi.

Hanan, uwar yarinyar, mace ce mai mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Hausarta ta gurgunce amma tana ƙoƙari saboda mu. Ta ture kunafarta gefe, ta ce duk wannan bai kai alkaki ba. Ta ce shekaru da yawa mahaifiyarta kan aika a sayo mata wurin wata mai niƙabi a Misfala, yanzu tsohuwar ta kwanta ciwo, kullum shi take ambato. Ta ce da za a samo matar, ita za ta yi musu na biki.

"Ummu Hisham, ke da kika zauna Misfala, kin san ta?"

 Shatu ta kalli ɗanta, ta ba shi lokaci, kwanon ga shi can taku ashirin daga inda muke. Kalma ɗaya ta ishe shi. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya kira mai kawo abinci, wai a ƙaro shayi.

"Na san ta," in ji Shatu. "Ta daina."

Muka baro Jidda. A Kudai, da muka shigo Makka, Shatu ta sa Hisham ya tsaya, ta ɗauki kwanon ta rabar wa alhazan da ke jiran mota. Washegari ta ba maƙwabciya kaskonta da mataci. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ita ba ta yi wa surukarta ƙarya sau biyu, tunda ta ce ta daina, ta daina. Wai kuma in yafe wa Hisham, yaro ne. Yaro mai shekara talatin da biyu da gemu. Har yau in ya ce min "Hala Rabi, ina wuni," wato inna Rabi, bango nake kallo.

An yi biki da alkakin wata can, mai tauri kamar tsakuwa. Hanan ta gutsura ta ajiye, ta ce ina ma waccan matar ta Misfala, Allah ya saka mata da 'ya'ya masu albarka duk inda take. Hisham na tsaye a bakin ƙofa yana ji. Shatu ta sunkuyar da kai ta ce amin.