Bencin Baba Isiyaku

A Jega akwai wata kwana kusa da bakin kasuwa inda motocin Aliero ke haɗuwa da na Maiyama, kuma ta nan ake karyawa zuwa asibiti. Ranar kasuwa, idan babbar mota ɗaya ta tsaya a wurin, to gari ya cushe ke nan: mai mashin, mai amalanke, mai kora shanu, kowa sai ya tsaya yana zagin na gabansa. An kafa allo an rubuta cewa ba a ajiye mota a nan, aka wayi gari masu rake sun jingina kayansu a jikinsa. Daga ƙarshe shugabannin direbobi da na kasuwa suka zauna suka damƙa wa Baba Isiyaku wurin.

Tsohon direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan albasa zuwa kudu, har idonsa na hagu ya fara yin hazo, ya ajiye makulli da kansa tun kafin wani ya ce ya ajiye. Ba shi da kaki, ba shi da usur. Abin aikinsa benci ne na katako mai cin mutum uku. Ba ya sace iskar taya, ba ya cire lamba, don ya ce mota ba ta da laifi. Wanda ya ajiye mota a kwanar, sai Baba Isiyaku ya sa a matsar da ita gefe don hanya ta buɗe, sannan ya ɗauko bencinsa ya dasa a gaban motar, ya zauna. Ba a lodi, ba a tashi, sai an kira sallar la'asar. Babu direban da zai iya cewa dattijo ya tashi, balle ya kunna inji a kansa. Shekara shida yana haka, kuma abin da ya riƙe dokar shi ne bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, a tsakiyar kakar albasa, ya dawo daga raba wasu masu mashin ya tarar da wata shuɗiyar mota ta yi gicciye a kwanar, 'yan dako har sun fara jefa buhuna. Ya san motar. Ta Alhaji Tamu ce, dilan albasa na Aliero, wanda ɗansa ya auri Husna, 'yar Baba Isiyaku, wata huɗu da suka wuce. Ga Alhajin can tsaye a inuwa, shi ya ba da umarnin a tsaya nan don ya fi kusa da kayansa.

Kasuwa ta lura. Usmanu mahauci, wanda teburinsa ke kallon kwanar, ya daina sara ya ɗaga murya.

"Jama'a, yau benci shina hutu! Motar surukai ta iso!"

Direbobin da ke zaune gindin bishiyar bedi suka kwashe da dariya. Da yawansu sun taɓa wuni a bayan bencin nan. Baba Isiyaku ya san abin da suke jira. In ya kau da kai yau, gobe kowa zai ajiye motarsa ya ce shi ma ɗan uwan wani ne, aikin shekara shida ya tashi a banza. In kuma ya buɗe baki ya tsawata wa surukinsa a bainar jama'a, ya yi abin da ba a yi, kuma 'yarsa ce za ta kwana a gidan.

Ya daɗe tsaye yana murza hularsa. Sannan ya ɗauki bencin, ya nufi motar. Ya yi wa direban, Waliyyu, magana ƙasa-ƙasa.

"Ja ta can gefe, ɗana, mutane su wuce."

Waliyyu ya dubi maigidansa, ya dubi tsohon, ya ja motar. Baba Isiyaku ya dasa bencin a gabanta, ya kakkaɓe shi da gefen rigarsa. Ya tuɓe takalmansa, ya taka ƙasa mai zafi har inda Alhaji Tamu yake, ya rusuna.

"Alhaji, barka da isowa. Kun zo lahiya? Ina mutanen gida?"

"Lahiya lau, Malam," in ji Alhaji, fuskarsa a ɗaure, shi ma yana ƙoƙarin zame nasa takalmin. "Mi ya hwaru?"

"Babu komi sai alheri. Tun da anka yi biki ba ku taɓa takowa wurina ba, yau Allah ya kawo ku. Gidana da nisa, nan ne zaurena. Bismillah, ku zamna." Ya juya. "Usmanu! Tunda bakinka na aiki, hannunka ma shi yi. Gasa muna mai kyau, ban da jijiya. A kira min mai hura."

Alhaji Tamu ya gane sarai. Ya dubi buhunansa da ke zube a rana, ya dubi bencin. Mutum ba ya ƙin tayin surukinsa, balle a gaban kasuwa guda. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna.

"Malam, wanga zama har yaushe?"

"Baƙo irinku ai ba a sallamarshi kahin la'asar."

Aka kawo nama a takarda, wata Bafulatana ta dama fura. Da fari Alhaji ba ya ko tauna da kyau, sai duba agogo yake. Baba Isiyaku bai ce uffan a kan mota ba. Ya tambayi damina, ya tambayi yadda albasar bana ta yi, ya ba shi labarin wata gada da ya taɓa kwana uku a bakinta da kaya. Da rana ta take, ya tashi da kansa ya taya 'yan dako jan tamfol a kan buhunan don kada su dahu.

Daga kan bencin ana ganin kwanar gaba ɗaya. Wajen azahar wata ƙaramar mota ta taho daga hanyar Maiyama tana ta hon, mata biyu a baya suna riƙe da wata da ke nishi. Ta karya ta nufi asibiti ba tare da ta taka birki ba. Alhaji Tamu ya bi ta da ido har ta ɓace. Baba Isiyaku ya tura masa ƙwaryar fura.

Suka yi azahar tare suka dawo. Can wata motar shanu ta rage gudu tana neman raɓawa a kwanar. Kafin Baba Isiyaku ya miƙe, Alhaji ya riga shi.

"Kai! Ba ka da ido? Ni da ka gani nan tun hantsi nike biyan tarata! Wuce gaba!"

Dariya ta ɓarke har cikin rumfunan mahauta. Da aka kira la'asar aka ci gaba da lodi. Alhaji Tamu ya sa takalminsa, ya ce wa surukinsa naman ya yi gishiri, amma mako mai zuwa zai aiko Waliyyu da wuri a nuna masa inda ake tsayawa.