Kwabon da Na Manna wa Hannun Garmaho

Ranar wata Alhamis ce cikin zafin shekarar 1993, ina da shekara goma sha ɗaya, na dawo daga makaranta tare da ƙawayena biyu, Amal da Najat, muka tarar gidanmu na Omdurman, a ƙasar Sudan, shiru. Mahaifiyata ta tafi gaisuwar mutuwa unguwar Hajj Yusuf, Baba yana rumfarsa ta gyaran rediyo a Kasuwar Libiya, kakata kuwa, wadda muke kira Habboba, tana barci a kan gadonta na igiya a inuwar dalbejiya. Aikina a ranar shi ne in cika randuna, in share tsakar gida, in dama ƙullun kisra, gurasar mutanen Sudan. Ban yi ko ɗaya ba. Na ja su zuwa ɗakin Baba, na yaye zanen da ke rufe da garmahonsa, don su ga mu ma muna da abin da babu a gidajensu.

Garmahon nan faifai ɗaya yake wa aiki. Ƙanen Habboba ne ya bar mata faifan lokacin da ya biyo ta Sudan zai wuce Makka, waƙar mata ce da kiɗan ƙwarya irin na garinsu. Tun tana amarya ta baro ƙasar Kano, ba ta sake komawa ba. Kowace Juma'a bayan la'asar Baba yakan kunna mata, ya rage murya sosai, domin a shekarun nan na mulkin soja mutane suna taka-tsantsan da kiɗa. Takan zauna da shayinta tana buga gwiwa da yatsu, wani lokaci ta bi amshi. Kafin ya kunna sai ya goge faifan da auduga, ya murza ƙarfen da ke bayan hannun garmahon har hannun ya tsaya a iska kamar sikeli, sannan ya ƙara masa nauyi kaɗan. Kan da ke riƙe da allurar ma ba kowanne yake yarda da shi ba. Yakan ce, "Kai mai taushi sai hannu marar nauyi, mai tauri sai hannu mai nauyi. In ka haɗa su ba daidai ba, faifai ne zai sha wuya." Ni dai ji nake yi ya wuce, hankalina yana kan wasan carafke a ƙofar gida.

Na ɗora faifan, matan suka fara waƙa. Amal ta saurara kaɗan, ta dubi Najat, suka tuntsire da dariya. Amal ta tambaye ni da Larabci ko wannan ne yaren da muke yi a ɓoye. A makaranta ban taɓa yin Hausa ba, ko sunan Habboba na gaskiya ba na faɗa. Kunya ta rufe ni, na kai hannu da sauri don in kashe muryar, na fizgi hannun garmahon ta gefe. Allurar ta karye. Su kuma suka ɗauki jakunkunansu suka fita suna kwaikwayon amshin.

Da na tsaya a nan, da allura kawai aka rasa. Amma na san Baba yana da gwangwanin kayan gyara a ƙarƙashin gado. Na tona na samo wani kai da ya cire daga tsohon inji mai nauyi, na kwance na asali, na ɗaura wannan, na mayar da wayoyin yadda na gan su. Na rufe murya gaba ɗaya don kada Habboba ta farka. Allurar ta riƙa tsalle a kan faifan. Sai na tuna na ga wani mai shayi ya ɗora kwabo a kan hannun nasa garmahon. Na jiƙa ƙaro, na manna kwabo, tsallen ya tsaya. Sau uku na bar shi ya zagaye faifan tun daga farko har ƙarshe don in tabbata. Na ga wani baƙin gari ya taru a bakin allurar, na hure shi, na mayar da zane, na tafi cika randuna da zuciya a kwance.

Washegari bayan la'asar Habboba ta zauna, ni ina zuba shayi. Baba ya yaye zanen ya ga kwabon. Ya daɗe yana kallonsa. Bai dube ni ba. Ya ɓamɓare shi ya sa a aljihu, ya canza kan, ya daidaita hannun a natse kamar kullum, ya saukar da allura. Abin da ya fito sai ka ce ruwan sama a kan kwanon rufi, matan suna can ƙarƙashi ba a jin kalma ɗaya. Habboba ta ajiye kofi.

"Usmanu, me ya sami matan nan?"

"Ni ne, Inna. Na sa masa kan da ba nasa ba."

Ta yi masa faɗa a gabanmu, shi da furfura a gemunsa. Ta ce yana gyara na mutanen kasuwa, nata guda ɗaya ya lalata. Ya sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri. Ina tsaye da butar shayi, na bar shi ya ɗauki laifina. Daga baya Baba ya aika wasiƙu Kano, ya tambayi ɗaliban Najeriya da suke zuwa rumfarsa, ba a sami irin faifan ba. Habboba ta rayu shekara biyu bayan haka. Juma'a takan zauna a wurin nan da shayinta, ba ta buga gwiwa.

Baba ya rasu bara, ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba. Da muke raba kayansa na buɗe gwangwanin nan, na sami kwabon a naɗe cikin auduga, busasshen ƙaron yana jikinsa. Yau 'ya'yana suna da waƙoƙi ba iyaka a waya, na kuma nemi ta Habboba ban samu ba, domin ko sunan matan ban sani ba. Amshin kaɗai na riƙe, shi nake rera musu da Hausar da na ɓoye a makaranta. Wanda ya kamata in roƙa gafara ya riga ya yafe, ni ce ban tambaya ba.